Sunan da Ummuhani ta haɗiye

Zazzaɓin danak ya shigo unguwarmu ta Gadarif, nan Sudan, a ƙarshen damina, ko sallama bai yi ba. Ruwan famfo ba abin dogaro ba ne a garin nan, kowane gida da gangunan da yake tara ruwa, sauro kuwa ya samu masauki kyauta a cikinsu. Yau ka ji ɗan gidan wane ya kwanta, gobe ka ga raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, ta tsaya a ƙofar wani gidan an fito da mutum a tallabe. Ciwon yakan fara da zafin jiki da ciwon kai, ƙasusuwa su yi kamar ana sassaƙa su. In dasashi ya soma jini, to, zance ya bar hannun masu jiƙe-jiƙe.

Ni maƙwabciyar Ummuhani ce, zana ɗaya ta raba mu, tarinta ma ina ji daga ɗakina. Abin da ya same ta ya faro ne tun kafin sauro.

Da farkon damina aka ce za a rubuta gidajen marasa hali a ba su katin ta'amin, wato katin da ake nunawa a asibiti a duba mutum, a kwantar da shi, a ba shi magani ba sai ya sayar da akuyarsa ba. Kwamitin unguwa ne ke shaidar cewa gida ba shi da hali. Katin yana bin mai gida ne: shi, da matarsa, da 'ya'yan da ya haifa, kowa da nasa ɗauke da hotonsa. Abdulmuminu, mijin Ummuhani, ƙwadago yake yi a manyan gonakin Gedambaliya, lokacin kuwa ya riga ya tafi shuka. Sai ya bar mata takardar lambarsa ta ɗan ƙasa, ya ce in masu rubutu sun zo ta tsaya a madadinsa.

Wadda ta zo rubutun wata budurwa ce mai suna Lamis, 'yar Khartum, yaƙi ya koro su nan ita da iyayenta, Allah ya haɗa ta da wannan aiki. Yarinya mai ladabi, ba ni da abin da zan ce a kanta. Ta zauna bakin angarib, gadon igiyar nan, a ƙarƙashin rumfa, ta kira Ummuhani Hala, wato inna, ta ce da Larabci, "Hala, faɗo mini sunayen 'ya'yanki."

Ummuhani ta ce Sa'adiyya. Ta ce Jamilu. Sai ta sunkuyar da kai ta ja bakin tob ɗinta, lafayar da take lulluɓe da ita, ta yi shiru.

"Su ke nan?" in ji Lamis.

Ummuhani ba ta ɗago ba.

To, duk wanda ya tashi a cikinmu ya san abin da wannan shirun ke nufi. Kakanninmu sun taso daga yamma da niyyar Makka, suka yada zango a nan, sun bar abubuwa da yawa a hanya amma ba su bar kunyar ɗan fari ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ƙidaya shi a gaban mutane, sau da yawa ma wata ake ba ta riƙe shi. In aka tambayi uwa 'ya'yanta ta yi shiru irin wannan, sai wani na kusa ya yi dariya ya ce, "Akwai babbarsu, wance." Ranar babu na kusa. Ni ina kasuwa, dattijon kwamiti kuwa yana ƙofar gida yana raba gardamar masu neman a fara da su. Lamis ta ɗauki shirun a matsayin "i", ta ɗauki hoton yara biyu, ta yi godiya ta wuce.

Babbarsu ita ce Zuwaira. Tun yaye take hannun Goggo Asha, yayar Abdulmuminu, a can ƙarshen unguwa. Da masu rubutu suka isa can suka tambayi Goggo Asha ko yarinyar 'yarta ce, ta faɗi gaskiya, 'yar ƙanenta ce, riƙo take yi. Aka ce ai ɗan riƙo a gidan ubansa yake shiga. Goggo Asha ta ce madalla. Kowace ta kwanta da tunanin an rubuta yarinyar a ɗaya gidan. Da katuna suka fito ma ba wadda ta tambayi wata, ita uwa kunya ta hana, ita goggo ta ɗauka kati yana wurin uwa. Wallahi abin yana ba ni haushi har yau. Takarda ba ta san kunya ba, an kuwa ce kunyar mara kunya asara ce.

Ran nan da hantsi Goggo Asha ta shigo gidan Ummuhani ba tob ɗin kirki a jikinta. Na ji ta ta cikin zana.

"Ummuhani, ba ni bitakar 'yar nan, katinta na ta'amin. Tun shekaranjiya jikinta wuta, yau ta yi aswaki na ga jini."

"Goggo, ba a wurinki take ba?"

Jin haka na fito daga ɗaki na zagaya gidan.

Muka bar Goggo Asha ta koma wurin mara lafiya, ni da Ummuhani muka nufi ofishin ta'amin. Layi har bakin titi, rabinsu 'yan gudun hijira daga Jazira da Khartum, kowa riƙe da takardunsa cikin leda. A hanya na ce mata, "Ke, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. In mun shiga ki buɗe baki." Da layi ya zo kanmu sai ga Lamis a bayan tebur, ta gane Ummuhani.

"Ina da wata 'ya," in ji Ummuhani. "Ba a rubuta ta ba."

"Sunanta?"

Na riga na buɗe baki zan faɗa mata, sai ta riga ni. "Zuwaira," ta ce, a hankali, kamar mai taɓa tukunyar da ba ta huce ba. Tun ranar suna ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Tausayinta ya kama ni har na kau da kai.

Lamis ta ajiye alƙalami. "Hala, ranar ai na tambaye ki. Me ya hana ki faɗa?"

"Ta fari ce."

Lamis ta dube ni tana jiran ƙarin bayani. Na yi mata iya yina, ta saurara, amma na ga ba ta gane ba, ban kuma ga laifinta ba. Sannan ta jero mana ƙa'ida, muryarta ƙasa-ƙasa. Ƙara yaro a katin gida sai mai gida ya zo da kansa. Sai da takardar haihuwa. In babu, sai shaidu su rantse a gaban hukuma a yi wata. Bayan duk wannan, sunan zai jira rukunin da za a buɗe nan gaba, bayan kaka.

Zuwaira kuwa a ɗaki aka haife ta, a wani ƙauye kusa da Gallabat, ungozoma ce ta yanke cibiya, babu wanda ya rubuta komai. Abdulmuminu yana tsakiyar yankan riɗi, inda waya ba ta kamawa, hanya kuma baƙar laka ce da ke haɗiye tayar babbar mota. Ko saƙo ya same shi, riɗi ba ya jiran kowa, in ya bushe a tsaye zubewa yake yi, mai gona ba zai saki ma'aikaci ba.

"Ki kai ta mustashfa haka nan, kada ki jira mu," in ji Lamis, tana nufin asibiti. Ta ƙara da cewa, "Kuma don Allah, Hala, kada wani ya ba ki shawarar kai ta da bitakar wani. In aka gane, ta gidan gaba ɗaya ake sokewa, magani ya tsaya nan take. Na ga an yi."

Haka nan ɗin da ta ce shi ne ba mu da shi. Gwajin jini kullum, ƙarin ruwa, gado, wataƙila har ƙarin jini. Ummuhani kunun godogodo take damawa ta sayar a bakin kasuwar hatsi, abin da take samu na cefanen yini ne. Akuyar da ake magana ma babu ita.

Muka tarar da Zuwaira kwance a ɗakin Goggo Asha, idanunta a lumshe, leɓɓanta sun bushe, ga jan tabo-tabo a hannuwanta. Ummuhani ta tsaya daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba, ba ta ƙarasa ba. Goggo Asha ta ji bayaninmu har ƙarshe, sannan ta ce, "Je ki ɗauko bitakar Sa'adiyya."

Na ce, "Goggo, an fa gargaɗe mu."

"Gargaɗi zai tsayar da jinin nan? Tsiransu kaɗan ne, ga kama kamar an tsaga kara. Hoton nan da ɗankwali, ko uwarsu sai ta duba sau biyu. Halas, magana ta ƙare, ɗauko."

Ummuhani ta tafi ta ɗauko. Sa'adiyya tana makarantar allo lokacin, ba ta san an buɗe akwati ba. Aka yi shawara kada a gaya mata, yaro bakinsa ba shi da ƙofa, a dai ce mata ta zauna gida ta kula da Jamilu, kada ta kuskura ta taka asibiti.

A cikin raksha Goggo Asha ta riƙa nanata wa Zuwaira a kunne, "In an ce Sa'adiyya, ki amsa. Kin ji? Sa'adiyya." Yarinyar ta gyaɗa kai. A tagar karɓar marasa lafiya, ma'aikacin ya dubi kati, ya dubi fuskar da zazzaɓi ya kumbura, ya sake duban kati. Sai na bayanmu suka matso da wani tsoho da ke amai, ya buga hatimi ya ce mu wuce. Ya riƙe katin ya maƙala shi a jikin takardar gado, ya ce sai ranar sallama za a mayar.

Aka ba Zuwaira gado kusa da taga, aka ɗaura mata ruwa. Likita ya ce jininta ya yi ƙasa ƙwarai, kwanakin da ke tafe su ne masu haɗari, kada a motsa ta ko'ina. Duk sanda ma'aikaciyar jinya ta shigo ta ce, "Sa'adiyya Abdulmuminu," sai Ummuhani ta miƙe ta ce ga ta. Ɗakin cike yake da mutanen gari, kowace fuska ta leƙo sai mun duba ko 'yar unguwarmu ce mai iya cewa, "A'a, Zuwaira ce haka?" Goggo Asha ta riƙa ja wa yarinyar mayafi har goshi. A wannan zaman na ga abin da ban taɓa gani ba, Ummuhani zaune a bakin gado tana shafa ƙafar 'yarta ta fari, ba ta damu da wa ke kallo ba.

Washegari jinin dasashi bai tsaya ba, amma bai ƙaru ba. Wanshekare ta sha ɗan kunu, ta riƙe shi. Likita ya ce a ci gaba da ruwan, in aka yanke yanzu komai na iya komawa baya. Muka ɗan samu numfashi. Da azahar Ummuhani ta ce za ta je gida ta ɗauko abinci ta sake kaya, na ce mu tafi tare.

Tun daga ƙofar gida na ji wani iri. Ba hayaƙi, ba motsin tukunya. Jamilu yana zaune shi kaɗai a ƙasa yana wasa da murfin kwano. Geron da aka bar wa Sa'adiyya ta surfa yana nan cikin turmi, kaji sun hau suna ci. Ita kuwa tana kan angarib a ƙarƙashin rumfa, ta naɗe da bargo cikin wannan zafin rana.

Ummuhani ta ƙarasa ta ɗora tafin hannu a goshinta. Ba ta ɗauke hannun ba.

Sa'adiyya ta buɗe ido da ƙyar. "Inna, tun jiya ne. Ban so in faɗa ba, kuna fama da Yaya." Ta haɗiye yawu, ta yamutsa fuska. "Ƙashina duk ciwo yake. Bakina kuma ɗanɗanon ƙarfe."

"Buɗe in gani," in ji Ummuhani.

Ta buɗe. Ummuhani ta duba, ta sa bakin tob ɗinta ta goge mata, ta dunƙule wurin cikin hannu don kada yarinyar ta gani. Ni na gani.

"Kada ki damu, Inna," in ji Sa'adiyya. "Ai ni an rubuta ni. Ɗauko bitakata a akwati mu je mustashfa."

Ummuhani ta zauna a ƙasa, nan gindin angarib, tana kallon ƙofar ɗakin da akwatin yake. A wurin asibiti, Sa'adiyya Abdulmuminu tana kwance tun shekaranjiya a gadon kusa da taga, ana ƙara mata ruwan da likita ya ce kada a yanke.

"Inna," yarinyar ta sake cewa, "tashi mana."