Gam a Bayan Kunne

Mai kwalliya doka ɗaya gare ta a shagonta. Ba ta manna wa kowa gashin ido sai ta ɗiga masa gam ɗin a bayan kunne, an kwana biyu an ga ko jiki zai karɓa. Ko uwarta ce ta zo, sai an yi wannan gwaji.

Auta, ƙanwar mijinta, an yi mata nata ɗigon shekaranjiya. Gobe da safe za ta karanta labarai a talabijin karon farko, aikin da ta sha baƙar wuya kafin ta samu. Sai ga ta ta shigo da ɗankwali ɗaure har kan kunnuwa.

"Ya kunnen?" in ji mai kwalliya.

"Lafiya lau, Anti."

"Mu gani."

"Haba Anti! Da ƙyar ɗaurin nan ya zauna. Ƙarya zan yi miki?"

Da baƙuwa ce, wallahi sai ta kwance. Amma ƴar gida ce, sai mai kwalliya ta ji nauyi. Ta kwantar da ita a kujera, ta kunna fitila, ta ɗauki hantsaki tana tsoma gashin a gam tana jerawa a idon dama.

Ta kai rabi ke nan ta ga hannun Auta yana lallaɓawa ƙarƙashin ɗankwali. Ya sosa, ya dawo. Can ya sake komawa.

Mai kwalliya ta ajiye hantsaki. Ta fizge ɗankwalin. Bayan kunnen ya kumbura suntum, ya yi jawur, har ruwa yake fitarwa.

"Innalillahi! Auta, kin kashe ni!"

"Ɗan ƙaiƙayi ne fa. Ki ƙarasa, don Allah, gobe kaɗai!"

"Rufe min baki! Idon ma kar ki buɗe."

Ta lalubo man cire gam. Man nan ba a yi masa gaggawa, sai ya jiƙa. Tana tsaye tana kallon fatar idon tana tasowa kamar an hura balan-balan, Auta na cewa zafi, zafi. Tsoro ya kama ta sosai, ga haushin kanta. Gashin ƙarshe na fita ta ja ta sai asibiti.

Likita ya ce idon zai tsira, amma kumburin sai ya ɗauki kwanaki.

Da safe suna zaune a shago, Auta da auduga a ido, suka kunna talabijin. Wata ce a kujerar da Auta za ta zauna, tana karanta labarai hankali kwance. Auta ta matsa kusa, ta ƙura mata idon da ya rage.

"Anti," ta ce, "ita ko gashin idon ma ba ta sa ba."