Hannun Inji

Sau uku ta gwada buɗe murfin kwalbar maganin, sau uku yatsunta suna zamewa. Yayarta ta fizge kwalbar, ta buɗe, ta zazzaga mata ƙwaya biyu a tafin hannu.

"Sha. In ba ki sha ba, ko ƙofar bas ba za ki iya takawa ba."

"Yaya, biyu ba su yi yawa ba?"

"Ke dai sha, malama. Ko ni zan goya ki har asibitin?"

Ta sha.

A kamfanin sabulun da take aiki, Inji suke kiranta. Shekara bakwai tana tsaye a bakin layi tana cika kwali da sabulu, ta liƙe, ta ɗaga ta jera. Kafin wata ta gama kwali ɗaya, ita ta gama biyu. Sai korona ta kwantar da ita sati uku. Tari ya tafi, zazzaɓi ya tafi, har ƙanshin sabulu ya dawo mata hanci, amma ciwo ya samu wurin zama a gaɓoɓinta. Kullum da safe yatsunta kamar an ɗaure su da waya. Gwiwa, kafaɗa, har naman cinya, kamar an yi mata dukan tsiya. Wata huɗu ke nan. Yanzu idan ta wuce, 'yan layi sai su ce, "Inji ya buga."

Jiya Madam, shugabar layin, ta ja ta gefe. An samu kujera ɗaya a teburin manna takarda. Aikin zama ne, babu ɗaga komai.

"Kawo takardar likita gobe cewa ba ki da lafiya, kujerar ta zama taki. In babu takarda, ni ma na gaji da kare ki wurin manaja."

Lamba sittin da uku aka ba ta a asibiti. Ta zauna a ƙarshen benci, ta ɗora hannuwanta a cinya. Wannan ne zuwanta na uku. An ɗebi jininta, an ɗauki hoton hannun, yau ne za ta ga likita.

Nas ɗin da ke gwada jini ta duba katinta ta taɓe baki.

"Korona? Har yanzu? Duniya ta manta da korona, ke kina nan kina goyonta."

Ta karɓi katinta. Ta koma benci tana shirya maganar da za ta faɗa. Za ta ce ba ta iya ɓalle maɓallin rigarta. Za ta ce ranar Litinin kwali ya kuɓuce mata ya faɗi a ƙafar wata. Wajen ƙarfe goma ta ji yatsun sun fara saki. Ta dunƙule hannu, ta buɗe, ya bi ta. Har ta ji daɗi, ta sa wa Yaya albarka a ranta.

Sai bayan sha biyu aka kira lambarta.

Likitan matashi ne, da farar riga har gwiwa da biro a aljihu. Tana shiga ya duba agogon hannunsa. A kamfaninsu mutum ɗaya ne ke sa irin wannan rigar: sufeto, mai zagaya layi da agogo yana rubuta sunan duk wadda hannunta ya yi sanyi. Ba ta san lokacin da bayanta ya miƙe ba.

"Me ke damun ki?"

"Gaɓoɓina ne, likita. Tun korona." Da kyar ita kanta ta ji muryarta.

Ya juya takardu. "Jininki lafiya lau. Hoton ma babu komai. Tashi tsaye. Ɗaga hannu sama."

Ta ɗaga tun bai rufe baki ba.

"Durƙusa. Tashi. Sake."

Ta yi, ta sake, da sauri, ba ta ko dafa tebur ba. Gwiwarta ta ɗan soke ta, ta haɗiye. A gaban farar riga ba a yamutsa fuska.

Ya miƙo mata yatsunsa biyu. "Matse da ƙarfinki."

Ta matse.

"Kai! Baiwar Allah, karya ni za ki yi?" Ya yarfe hannu yana dariya. Ita ma ta yi murmushi tana kallon ƙasa, don an daɗe ba a yaba wa hannun nan ba.

"Yana ciwo yanzu?"

"Yanzu dai ba sosai ba. Da safe ne yake…"

"Da safe kowa jikinsa na ciwo. Ni ma haka na tashi."

Bai tambaye ta ko ta sha wani abu ba. Ita kuma ba ta san ya kamata ta faɗa masa ba. Ya yi rubutu layi uku, ya buga hatimi, ya kira lamba ta gaba. Ta kalli rubutun, ba ta gane ko harafi ɗaya ba.

"Na gode, likita. Allah Ya saka."

A cikin bas ciwon ya fara dawowa. Babu wurin zama, ta rataya gwiwar hannunta a ƙarfe don yatsun sun ƙi riƙewa. Takardar kuwa tana ƙirjinta, cikin riga.

Ba a shiga ɗakin aiki sai da rigar kamfani, mai igiya a baya. Mai shara ce ta ɗaure mata, ta ja ƙullin tamau. Ta wuce layi ta miƙa wa Madam takardar da hannu biyu. Daga inda take tsaye tana hango kujerar, an tura ta ƙarƙashin tebur.

Madam ta karanta. Ta sake karantawa. Sannan ta ɗaga murya ta fi ƙarar injina.

"Ku saurara! Likita ya ce lafiyarta ƙalau. Wai za ta iya kowane irin aiki."

"Madam, magani na sha kafin…"

"To da kika san akwai maganin da ke yi miki aiki, me ya hana ki sha ki yi mana namu? Wata huɗu ina rantse wa manaja ba ki da lafiya. Ashe maƙaryaciya kika mai da ni. Cire rigar kamfani."

Ta kai hannu baya. Yatsun suka sami ƙullin, suka kasa kama shi. Ta gwada da ɗan yatsa, ta gwada da farce. Gumi ya gangaro mata ta wuya. Duk layin ya juyo yana kallo.

"A ɗan zuba mata mai," in ji wata. Aka kwashe da dariya.

Ƙofa ta buɗe. Sufeto ya shigo da farar rigarsa, yana duba agogo. Kowa ya koma kan kwalinsa. Wani zafi ya tsarga mata tun daga yatsa har kafaɗa, kuma kafin ta ankara ta kwance ƙullin, igiyar tana lilo a hannunta.

"Kun dai gani da idonku," in ji Madam.

Ta ninke rigar, ta daidaita bakinta kamar yadda take daidaita kwali, ta ajiye a kan tebur. Ta kusa ƙofa Madam ta kira ta.

"Inji! Ungo takardarki. Za ta yi miki amfani wurin neman aiki."