Jinin Kawu

Karo na uku ke nan mai gwaji tana kifa idonta a kan madubin duba jini, kuma abu ɗaya take gani. Cikin ƙwayoyin da ya kamata su zama kewayayyu kamar maɓallan riga, ga wasu nan sun lanƙwashe kamar lauje. Ta miƙe, bayanta ya yi ƙara. Tun bakwai na safe take aiki, shayin da ta haɗa ya huce har ƙuda ya faɗa ciki.

"Dogo, takardar yarinyar nan da ke benci, kai ka fitar?"

Dogo, abokin aikinta mai kula da injin tantance jini, ko juyowa bai yi ba. "Ni da injina. Ta gefe ɗaya kawai ta gada, ba ta da sikila. Na miƙa wa uwar, hatiminki take jira."

"Injinka ya ce babu, idona ya ce akwai."

"Idonki yunwa yake ji, Malama."

Ta cire safar hannu ta fita baranda.

Uwar na zaune a ƙarshen benci, ta riƙe takardar da hannu biyu kamar wani zai ƙwace. Yarinyar, wadda ba za ta wuce shekara biyar ba, ta kwanta a cinyarta. Mai gwaji ta tsuguna ta kama ɗan hannun. A bayansa akwai tabon allura, da sauran danƙon filasta da ya yi baƙi.

"Maman yarinya, an taɓa yi mata ƙarin jini?"

"Sati biyu ke nan, a wani asibitin. Leda ɗaya. Ƙanena ya bayar, shi da ko allurar rigakafi gudu yake." Ta yi 'yar dariya, sai dariyar ta tsaya. "Me ya faru? Ai ba wanda ya tambaye ni."

Gaskiyarta. Akwai gurbin wannan tambaya a jikin fom, amma in layi ya yi tsawo kowa tsallake shi yake yi. Yau da safe ita da kanta ta tsallake.

Ta zauna kusa da matar. "Jinin kawunta na nan yana yawo a jikinta tare da nata. Injin ya ga lafiyayyen jininsa, ya ga nata, sai ya haɗa ya ce rabi da rabi. Sai nasa ya ƙare, kamar wata uku, sannan nata zai faɗi gaskiya."

"To ke me kika gani?"

"Abin da ba na so. Amma likita ne zai yanke, bayan an sake gwajin."

Matar ta daɗe tana kallon takardar. "Na riga na buga wa babanta," ta ce a hankali. "Kukan murna ya yi a waya, a gaban mutane. Tun da muka binne yayanta bai yi barcin kirki ba, da ta yi tari ya tashi zaune." Ta miƙo takardar. "Don Allah, Malama, ki buga mini hatimin kawai. Ya samu wata ukun nan ya huta."

Mai gwaji ta karɓa ta koma ciki. Hatimin na kan tebur, bugu ɗaya ne kowa ya tafi gida. Ƙafafunta ma roƙon da suke yi ke nan. Sai dai ta san yadda ake yi a ɗakin gaggawa: ranar da zazzaɓi ya kama yarinyar, za a duba wannan takarda, a ba ta maganin ciwon kai, a ce su koma gida.

Ta ɗauki jan biro ta rubuta a ƙasan takardar da manyan baƙi: an yi ƙarin jini, kada a dogara da wannan sakamako, a sake gwaji bayan wata uku. Sannan ta buga hatimi.

"Kin ɓata mini aiki," in ji Dogo. Amma muryarsa ta yi ƙasa.

A baranda ta karanta wa uwar abin da ta rubuta, ba ta rage ko kalma ba. "In jikinta ya yi zafi, ko ta ce ƙashinta na ciwo, kada ki jira. Ki kawo ta, ki nuna musu jan rubutun nan. Ki yawaita ba ta ruwa."

Matar ta gyaɗa kai. Ta ninke ƙasan takardar zuwa baya, ta goge ninkin da farce har jan ya ɓace, ya rage sai rubutun injin. Ta saka a jaka, ta goya yarinyar.

Wayarta ta fara ruri. Ta duba sunan mai kira, ta mayar da ita cikin jaka. Mai gwaji tana jin rurin har suka sauka matakala.