Gambar da Ɗantala Ya Matsar

Saɓani iri biyu ne. Akwai na ido da na mantuwa, wanda masu gaskiya biyu kan yi da hantsi su shirya kafin la'asar. Akwai kuma wanda mutum ke ƙerawa da hannunsa, sannan ya zo yana rantsuwa a kai. Wannan na biyun shi ne laifin Ɗantala, wani manomi a wani ƙauye gabas da Matankari.

A ƙasar Arewa ciyawar gamba ce iyakar gona, inda ta tsaya nan haƙƙinka ya tsaya. Shekarar da Nasara suka kwashi samari aikin hanya, aka tafi da Mani, maƙwabcin gonar Ɗantala, daga can kuma aka sa shi soja. Shekara bakwai ba shi gida. Kowace damina, in ƙasa ta jiƙe, sai Ɗantala ya haƙo gambar da saiwarta ya dasa ta taku ɗaya cikin gonar Mani. Taku ɗaya wa zai lura da shi?

Da Mani ya dawo, ya tsaya bakin gonarsa ya ce ta rame. Aka tara dattawa. Wani ya ce iyakar can take, wani ya ce a'a, tun yana yaro nan ya san ta. Mai gari ya ce saɓani ne, a raba tsakiya kowa ya yi haƙuri. Mani ya yarda. Ɗantala ya ƙi.

"Ni ba na raba abina," in ji shi. "Kumandan na tahe rangadi daga Dogon Dutsi, shi zai yanke."

Ya yi lissafinsa sarai. Bature abin da idonsa ya gani yake bi, ga gamba kuwa ta yi kauri ta fi mutum tsawo.

Ranar da Kumandan ya sauka, aka tafi gona da shi da tafintansa da gardi biyu, wato dogaransa. Ya dubi gambar, ya gyaɗa kai, zuciyar Ɗantala ta yi fari. Ana cikin haka sai ga A'i, gwaggon Mani, tsohuwa makauniya, tana dogara sanda.

"Inna A'i," in ji Ɗantala yana dariya, "masu ido sun kasa, ke mi za ki gani?"

"Ɗan Idi, rufe bakinka. Na kai ma ubanka fura a wagga gona tun yana yawo ba wando."

Ta tuɓe takalmanta. Ta ce a kai ta gindin tsohon surin da ke cikin gonar Mani, a juya fuskarta gabas. Ta fara tafiya a hankali, tana jan ƙafa cikin rairayi kamar mai sauraron wani abu a ƙasa. Ta ratsa gambar ba ta ko tsaya ba. Ta wuce taku bakwai. Ta wuce inda Ɗantala da kansa ya san iyakar gaskiya take, ta ci gaba, ta bar gawo uku a bayanta, har sai da ƙasa ta yi tauri a tafin ƙafarta. Nan ta kafa sanda.

"Ku haƙa."

Gardi suka haƙa kamu biyu, sai hauya ta yi ƙara. Aka zaro rabin dutsen niƙa. Ta karkata arewa, ta sake tafiya, ta sake kafa sanda, aka zaro ɗaya rabin. Da aka haɗa su suka zauna daidai, ko tsinke ba zai shiga tsakani ba. Kumandan ya cire malafarsa ya durƙusa yana shafa dutsen. Dattijai suka yi ta salati.

"Babana da kakanka, ɗan Idi, su suka fasa shi suka binne," in ji ta. "Ni na ɗauko musu shi a kaina. Daga nan zuwa tsohuwar iyaka aro ne, shekarar yunwa babana ya ara ma Idi don ya ci da iyalinsa. Shekara arba'in ban ta da maganar ba, don zumunci. Kai ne ka kira Nasara, to sai a faɗi duka."

Kumandan ya sa aka dasa sabuwar gamba bisa ramukan nan biyu, kuma da hannun Ɗantala aka dasa ta, gari na kallo.

Ga abin da ya rasa a yini ɗaya: taku bakwai da ya sata, da rabon da aka so ba shi a banza ya ƙi, da filin aron da ya ciyar da gidansu tun zamanin ubansa, da gawo uku masu ba tumakinsa abinci duk rani. Bayan haka ya yi shekara ashirin a duniya, ba a sake kiransa shaida ba ko a kan kaza.