Wadda Ba Ta da Matakala

Mutumin da ake kira Guduma ba a banza aka laƙaba masa sunan ba. Tun yana saurayi yake fasa dutse a saman wani tudu a bayan gari, har wurin ya zama nasa, da ma'aikata, da injin niƙa, da kwararon da ake gangaro da tsakuwa zuwa gindin tudu inda tipa ke jira. Maganarsa ma irin aikinsa ce, inda ta sauka sai wuri ya tsage. Ma'aikata da ƙafa suke hawa. Shi kuwa a tsohuwar motarsa yake hawa, da kansa, kuma shi ke riga kowa. To, motar nan ta gaji ta mutu. Bakanike ya leƙa injin ya ce sai dai a yi mata addu'a. Ya zama dole a sayi sabuwa.

Ba mutuwar motar ce ke cin Guduma a rai ba, gwiwarsa ta hagu ce. Ta daɗe tana cin amanarsa, in ya ɗora mata nauyi sai ta lanƙwashe kamar jiƙaƙƙen kara. Tsohuwar motar ita ta rufa masa asiri, domin ta zauna ƙasa saboda tsufa, mutum ya juya baya kawai ya faɗa ciki. A zatonsa matarsa kaɗai ta sani, ita da ke dafa ruwan gasa masa ƙafar. Ya kuwa ga abin da aka yi wa amininsa Mai Tipa. Tuntuɓe ya yi a gaban 'ya'yansa, suka karɓe mukullai wai don ya huta. Yanzu yana can bakin ƙofa a kujerar roba, yana korar ƙuda, yana tsayar da masu wucewa su saurari labarin da. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Guduma ya rantse shi ba za a zaunar da shi ba.

Ranar da za a je kamfanin motoci, faɗa tun daga tsakar gida aka fara shi. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta fito rungume da 'yar kujerarta ta tsugunno, wadda hayaƙin murhu ya mayar baƙa ƙirin.

"Ina za ki da wannan ƙazamin abu?"

"Inda za ka. Kujerun irin wuraren nan, in mutum ya nutse sai an kira mutane sun jawo shi."

"Ki kunyata ni a gaban jama'a da kayan madafa?"

"Malam, ɗuwawuna ne za su zauna, ba naka ba."

Babban ɗansu, Dogo, wanda ke kula da ciniki a gindin tudu, shi ya tuƙa su a motarsa.

Ɗakin sayar da motocin sanyi ƙalau yake, tayal na sheƙi har mutum na ganin gemunsa a ƙasa. Wani mai kwat ya tarbe su da haƙora waje. Ya kai su gaban motoci uku masu kama ɗaya kamar 'yan uku.

"Ranka ya daɗe, mota ɗaya ce, inji ɗaya, amma aji uku. Abin da aka ɗora mata ne ya bambanta." Ya fara da wadda aka kewaye da jar igiya a kan sandunan ƙarfe. "Wannan ita ce ta alfarma. Kujerun fata, rufin gilashi, kuma duba." Ya buɗe ƙofa, sai wata matakala ta zaro kanta daga ƙarƙashin motar a hankali, har da 'yar fitila. "Ta tsakiya ma tana da matakala, sai dai a kafe take. Waccan ta ƙarshe ita ce ta daji. An ɗaga ta sama, an rufe mata ciki da farantin ƙarfe, tayoyinta masu manyan haƙora ne, daɓenta roba, da ruwa ake wankewa. Ita ba ta da matakala, don kada dutse ya kama."

Guduma ya zagaya ta dajin, zuciyarsa ta kwanta da ita nan take. Amma da idonsa ya auna daga ƙasa zuwa bakin ƙofa, sai ya ji gwiwar ta yi masa tsami tun kafin a taɓa ta.

"Baba," in ji Dogo, "ni ta alfarmar nan ta fi kwanta mini."

"Ta fi kwanta maka? Kai za ka hau tudun?" Guduma ya nuna tayar da sandarsa ta aiki. "Dubi roba kamar fatar albasa! Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ka manta Haƙorin Kare?" Haka suke kiran wani tsinin dutse da ke tsakiyar hanyar, wanda ya farke cikin motoci ba iyaka. "Wannan matakalar mai fitila, ranar farko Haƙorin Kare zai tsinke ta ya miƙo maka a hannu. Ni za ka saka a ɗakin amarya in je fasa dutse?"

"To ta tsakiya."

"Ta tsakiya! Ba ta kai gari ba, ba ta kai daji ba. Jemage, kai ba tsuntsu ba kai ba dabba ba." Ya juya kan mai kwat. "Kai, a ɗauki tsayin waccan da farantinta a sa wa wannan mana."

"Ranka ya daɗe, ba a raba su. Haka kowace take zuwa daga masana'anta, da kayanta a haɗe."

"Wato in ina son akuya sai na haɗa da karen gidanku. Wannan ciniki ne ko fin ƙarfi?"

Dogo ya sassauta murya, kuma wannan sassaucin ne ya fi ƙona ran uban. "Baba, ba lallai motarka ta riƙa hawa tudun ba ai. Ga ofis a ƙasa. Ka zauna a nan, ni in riƙa hawa ina kawo maka labari."

Guduma ya tsaya cak. Ya dubi ɗan nasa tun daga takalmi har hula.

"Ashe nan aka nufa. Ruwa ba ya tsami banza. Ba mota kuka kawo ni saye ba, kujerar roba kuka kawo ni zaɓa. In zauna kana kawo mini labari! Ni da na san muryar kowane dutse a tudun nan tun ba a haife ka ba? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba." Ya doka sandar a tayal. "Kai mai kwat, ta daji nake so. Je ka haɗa takardunta."

Mai kwat ya juya da murna zai tafi, sai Dogo ya ce, "Baba, ba ka hau ta ba."

"Na gan ta. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima."

"A'a, Baba. Kai ka ce abin da za ka ɗora wa ranka, ka fara ɗora masa ƙafarka. Na taɓa sayo tsani ban hau shi ba, ka ɗora mini shi a ka na mayar kasuwa da tsakar rana, ina da mata da 'ya'ya. Jaki, tsani, mota, ba ka taɓa sayen abin da ba ka hau a gaban mai shi ba. Yau ne za a fara?"

Gaskiya ce, kuma duk tudun an san wannan doka. Guduma ya haƙa rami da hannunsa, ga shi yau a bakinsa. Ya waiwayi Inna ko za ta cece shi. Tana zaune a kan 'yar kujerarta a tsakiyar tayal kamar mai jiran tukunya ta tafasa.

"Ba rimi aka ce ka hau ba, Malam," in ji ta. "Mota ce."

Guduma ya jefar da sandar, ya nufi ta dajin. Ya buɗe ƙofa, ya kama sitiyari da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe jikin ƙofa. Ya ɗaga ƙafar dama har ta kai bakin daɓen, duk nauyinsa ya koma kan ta hagu. Ya yunƙura. Gwiwar ta ce ba da ita ba. Ya tsaya a rataye, bai kai sama ba bai dawo ƙasa ba, jijiyoyin wuyansa sun miƙe. Dogo ya miƙo hannu.

"Kar ka taɓa ni!"

Ya sake yunƙurawa. Wannan karon ƙafar ta zame, ya zo ƙasa a kan gwiwa ɗaya, hularsa ta gangara ƙarƙashin motar. Masu kallon wasu motoci suka waiwayo, suka yi sauri suka kau da kai.

"Ranka ya daɗe, ai shi ya sa ta alfarmar..." mai kwat ya fara.

"Rufe mini baki! Da haƙoranka kamar na mai tallan man goge baki!"

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai kwat ya ja da baya. Amma Dogo bai ja ba, shi ma jinin gidan ne, kuma nasa ya hau.

"Ka ɗauka ba mu sani ba, Baba? Kowa ya sani! Mai gadi ya sani, masu guduma sun sani. Muna ganinka kana zaune a mota sai kowa ya juya baya sannan ka fito. Juyawar ma da gangan suke yi, don kunyarka! Ba a rufe rana da tafin hannu. So kake wata rana a sauko mini da kai daga kan dutse a kan ƙyaure?"

"Gara a sauko da ni daga can a kan ƙyaure da a shigar da ni daga bakin ƙofa a kujerar roba!"

Ya faɗi haka da ƙarfi, amma maganar ɗan ta shige shi. Ashe duk ɓoyon da yake yi, sadaka ake ba shi. Wannan ya fi faɗuwar ciwo. Ya dafa taya ya miƙe da ƙyar, yana huci.

Inna ta tashi. Ta ɗauki kujerarta, ta zo ta dangwarar da ita a ƙasan ƙofar motar.

"Ɗauke wannan abu daga gabana."

"Ba zan ɗauke ba."

"Kujerar mata? A nan?"

"A kanta nake tsugunawa in dafa ruwan ƙafar da kake ɓoyewa. Ta san sirrinka tun kafin mai gadi. Girman kai rawanin tsiya ne, Malam. Ka taka ko mu tafi gida, ni na bar wanki."

Ya daɗe yana hararar kujerar. Sannan ya ɗora mata ƙafa ya danna, ya girgiza ta kamar yadda yake gwada tsani. Ba ta motsa ba. Ya taka, ya kama sitiyari, sai ga shi a zaune a sama, kansa na kusa da rufi.

"To, an hau," in ji Dogo cikin haushi. "A kan tudu fa? Wa zai ajiye maka, wa zai ɗauke in ka shiga? Ko Inna za ta riƙa bin ka da kujera kullum? Dole dai sai da mutum, Baba. Magana ta ƙare."

Guduma ya leƙo ya dubi kujerar a ƙasa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana jawo guduma da bokitin ruwa zuwa saman dutse ba a koya masa yadda ake ɗaga abu daga ƙasa. Idonsa ya zagaya ɗakin ya tsaya a kan ta alfarma.

"Kai mai kwat. Kwanto mini jar igiyar can."

"Ranka ya daɗe, ta ado ce..."

"Yau za ta yi aiki. Kwanto!"

Aka kwanto. Ya sa Inna ta miƙo masa kujerar, ya zarga igiyar a ƙafarta, ya yi irin ƙullin da suke yi wa bokiti, ya ɗaure ɗaya bakin a ƙarfen ƙasan kujerar direba. Ya zura ta ƙasa har ta zauna daidai. Ya sauko a kanta. Ya sake hawa, ya jawo ta sama, ya ajiye a gefe, ya rufe ƙofa garam. Sannan ya sauke gilashi ya leƙo.

"Na hau ta a gaban mai ita. Akwai sauran doka?"

"Ranar da kujerar ma ta gagara fa?" in ji Dogo.

"Ranar ta zo tukuna. In ta zo, ni zan miƙa maka mukulli da hannuna. Ba ƙwata za ka yi ba."

Dogo ya sunkuya ya zaro hular daga ƙarƙashin mota, ya kaɗe ta, ya miƙa ba tare da ya dubi uban ba. Inna kuwa ta ce a san da sani, ba ta ɗora tukunya sai an sassaƙo mata sabuwar kujera.

Da aka kawo motar, Guduma ya hau tudun da safe. Haƙorin Kare ya kai wa cikinta cizo ya tarar da ƙarfe. Da ya isa sama bai ɓuya bayan injin niƙa ba kamar yadda ya saba. A tsakiyar fili ya tsaya, ya danna ham. Ma'aikata suka fara juya baya, kowa na neman abin da zai duba a ƙasa.

"Ku juyo, munafukai! Duk wanda ya sake ba ni baya, ya sauka ya nemi wani tudun!"

Suka juyo. Ya buɗe ƙofa, ya zuro baƙar kujerar murhu a kan jar igiya, ya tako ƙasa yana kallon idon kowa.

"Mai dariya ya yi ta yanzu, ya huta."

Ba wanda ya yi, sai mai gadi da tari ya sarƙe.

"To me kuke jira? Dutsen zai fasa kansa ne?"