Kwana Uku da Maƙerin Bangwil

Ranar Talata da hantsi Dumalsin maƙeri ya sauko Lumayog da buhun adduna a bayansa, kuma kamar kowane mutumin Bangwil da ya shigo garin, gidan Gannay ya fara tsayawa. Ita ce mai riƙe da bodong, amanar zaman lafiya da kakanninsu suka ƙulla tsakanin ƙauyukan biyu tun zamanin da ake sare kawuna a kan duwatsun nan. Mahaifinta ya riƙe ta shekara arba'in, da ya rasu aka damƙa mata don ita ce babba a 'ya'yansa. Duk ɗan Bangwil da ya sha ruwa ya ci shinkafa a gidanta, jininsa yana wuyanta har ya koma gida. A can Bangwil ma akwai wani dattijo mai suna Sagmayao da ke ɗauke da irin wannan nauyin saboda mutanen Lumayog.

Ta zuba masa kofi mai zafi, ta ɗebo shinkafa da wake. Sun san juna tun suna yara, don haka ba ta raga masa ba. Ta ce addar da ya kawo mata bara ko kabewa sai an roƙe ta take yankawa. Ya ce addar lafiyarta ƙalau, hannun ne ya tsufa, in tana so ya ƙera mata sabon hannu. Yana cikin dariya da shinkafa a bakinsa suka ji ihu daga gangaren gonaki.

Maƙwabciyarta ce ta haura da labarin, tana haki. Wanawan, ɗan Gannay tilo, ya hau da maza uku gyaran magudanar ruwa a can sama, inda ruwan ke rabuwa tsakanin gonakin ƙauyukan biyu. Suka tarar da mutanen Bangwil sun sa bututu sun karkatar da rabin ruwan. Magana ta yi zafi, wani ya ɗaga bindiga, harsashi ya sami Wanawan a ciki. An ɗauko shi a bargo, an bi ta gajeriyar hanya zuwa titi, matarsa Edaw ta bi su, za a kai shi asibitin babban gari.

Gannay ta fizgi mayafinta ta nufi ƙofa. Ta sa ƙafa a tsani ke nan ta hango ƙanenta Banutan yana tahowa da bindiga, maza biyar a bayansa. Ba ita yake kallo ba. Idonsa ya wuce ta, yana leƙen cikin ɗaki. Sai ta janye ƙafarta, ta zauna a kan tsanin, ta cike ƙofar da jikinta.

"Manang, matsa," in ji Banutan, yana kiranta yaya da harshensu.

"Ya ci abinci a gidan nan."

"Ɗanki aka harba. Naki, ba nawa ba."

"Na ji. Ya ci abinci a gidan nan, Banutan."

Ya tsaya yana dubanta kamar bai taɓa ganinta ba. Daga baya ya juya ya zauna a kan turmin da ke gindin rumbun shinkafa, ya ɗora bindigar a cinyarsa. Sauran suka rarrabu, biyu suka zagaya bayan gida inda alade yake. Babu wanda zai taka tsanin mai riƙe da amana ya shiga, wannan kowa ya sani. Amma kowa ya sani kuma, in ta sauka ta bi motar asibiti, gidan ya zama katako da kwano kawai, babu abin da zai tsare baƙon.

Da ta koma ciki ta sami Dumalsin a kusurwa, ya ture kwanon shinkafar. Ya fara cewa wani abu, ta ɗaga masa hannu. Ta rufe tagogi, ta bar guda ɗaya ta wajen gabas, don nan ne kawai waya ke kamawa. Ta aika wa Sagmayao saƙo cewa mutuminsa yana hannunta, ya faɗa mata wanda ya yi harbin. Amsa ba ta zo ba sai da rana ta yi sanyi. Suna ɗaya ya rubuto: Aggalao. Dumalsin ya ji sunan ya rufe fuska, ya ce ai ɗan ƙanwar Sagmayao ne, a gidansa ya girma.

Ranar Laraba garin ya yi tsit. Ba wanda ya hau gona ko da yake shinkafa ta kai yanka. Masu 'ya'ya a makarantun babban gari suna ta kiransu su bar ɗakin kwana su ɓuya wurin dangi, don ba a san wanda zai ci karo da wa a tasha ba. Mata biyu 'yan Lumayog da ke aure a Bangwil an ce mazajensu sun kulle su a ɗaki. Banutan yana nan a kan turmi, matarsa ke kawo masa abinci. Gannay ba ta iya zuwa ko rafi ba. Maƙwabciyarta ke miƙo mata ruwa a bokiti, ta ajiye a tsani ta juya.

Ta dafa abinci don dole ne baƙo ya ci. Lokacin da take zuba masa ta ji wani abu ya taso mata wanda ba ta san tana da shi ba. Ta kalli wuyan tsohon, siriri, da jijiyoyi a waje, ta kalli buhun addunansa a jikin bango. Ta ajiye kwanon da ƙarfi har romo ya zube, ta koma taga ta juya masa baya.

Da azahar Edaw ta kira. An yi aiki, an fitar da harsashin, amma zazzaɓi ya ƙi sauka. Ta ce Wanawan yana ta tambayar uwarsa, ta kara masa wayar a kunne. Muryarsa ta zo ƙasa-ƙasa, kamar ta lokacin da yake ƙarami yana tashi daga barci.

"Inna, kin taso?"

"Ina nan tafe," in ji Gannay.

"Ki zo da bargona ja. Sanyi ake yi a nan."

Ta ce to. Wayar ta yanke, ta daɗe tana riƙe da ita. Bargon yana ninke a kan akwati, taku uku daga inda take.

Dumalsin ya ji komai. Ya miƙe a hankali ya ɗaura ƙyallensa a ka, ya ce shi tsoho ne, ya ci rabonsa na duniya, ta buɗe masa ƙofa ya fita, ita kuma ta kama motar yamma.

"Zauna," ta ce masa. "Kana tsammani don kai nake yi? In suka kashe ka, ni ce zan nemi wanda ya kashe ka. Haka ubana ya rantse, haka na rantse. Kana so in ɗauki mashi in bi ƙanena? Bayan nan kuma naku su zo, namu su je, har yaran da ke makaranta su ƙare?"

"Uwar Wanawan, ki yafe mini."

"Ban da lokacin yafe maka. Ci abincinka."

Ta sake rubuta wa Sagmayao ya zo ya tafi da mutuminsa. Ya amsa cewa ba zai iya ƙetare iyaka ba, shi ma yana zaune a bakin ƙofarsa da Aggalao a ciki, in ya tashi yaron zai shiga daji da bindiga, shi ke nan babu sauran abin da za a zauna a kai. Amma duk ranar da ta kawo Dumalsin kan tudun iyaka, zai turo babban ɗansa ya karɓe shi.

Ranar Alhamis, hazo bai gama tashi daga kan gonaki ba, wayar ta yi ƙara. Edaw ce, kuka kawai take. Wani namiji ya karɓa ya ce Wanawan ya cika da asuba, za su taso da gawar, kafin azahar suna gida.

Gannay ta zauna a ƙasa. Kukan ya zo mata har maƙogwaro ta haɗiye shi, don in ta saki murya waɗanda ke waje za su sani. Ta san abin da zai faru in aka shigo da gawar gari: dangi za su sauko daga ko'ina, samari za su sha giyar rake, sannan babu tsanin da zai tare kowa. Daga Lumayog zuwa tudun iyaka tafiyar awa uku ce, dawowa biyu da rabi. Ta lissafa, ta ga ba za ta kasance a gida ba lokacin da za a shigo da ɗanta.

Ta ce wa Dumalsin ya bar buhunsa. Ta ɗaura zanen saƙa na bikin amana, ta rataya duwatsun wuyan uwarta, ta buɗe ƙofa. Banutan ya miƙe. Kallo ɗaya ya yi wa fuskarta ya gane.

"Zan kai shi iyaka," ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wanda zai harbe shi ya fara da ni."

Ta sa tsohon a gabanta, ta manne masa a baya har tana taka dugadugansa. Suka ratsa tsakiyar gari, mata suna tsaye a ƙofofi. Wata tsohuwa ta tofar da yawu. Suka hau kunyar gonaki, siririyar hanya da mutum ɗaya kawai ke bi, ruwa a hagu, gangare a dama. Ba ta waiwaya ba, amma tana jin takun Banutan a bayansu. Duk lokacin da Dumalsin ya tsaya ya huta, takun ya tsaya. Bayanta ya yi ta zugi, tana jiran ƙarar bindigar, ba ta san ko za ta ji ta ba in ta zo. A haka suka wuce magudanar ruwan. Bututun yana nan, baƙi, ruwa yana gudu a cikinsa, ciyawar gefensa an tattake ta.

A kan tudu, cikin dogayen itatuwa, ɗan Sagmayao yana jira shi kaɗai, hannunsa babu komai. Dumalsin ya ƙetare dutsen iyaka, ya zauna a ƙasa. Gannay ta ce wa saurayin ya faɗa wa ubansa Wanawan ya rasu, ta cika nata, saura nasa. Da ta juyo ta ga Banutan yana tsaye can ƙasa, bindigar a rataye a kafaɗarsa, yana share ido da bayan hannu. Ya jira har ta iso, sannan ya wuce gaba har gida.

Tun daga gangare ta ji kuka. An riga an yi wa Wanawan wanka an suturta shi. Edaw tana zaune a gefensa, ta ɗago ta kalli surukarta, ba ta matsa mata ba. Gannay ta tsaya a ƙofar gidan ɗanta cikin 'yan gaisuwa har wata mata ta ja ta ciki.

Sagmayao ya cika nasa. Da hannunsa ya kai Aggalao wurin hukuma, ƙanwarsa ta daina shiga gidansa. Bayan wata biyu dattawan ƙauyukan suka zauna kwana huɗu, aka cire bututun, Bangwil ta ba da diyyar gonaki biyu da ɓaunar noma, yara suka koma makaranta. Edaw ta kwashe 'ya'yanta ta koma ƙauyen iyayenta.

A ranar ƙarshe ta zaman Gannay ta miƙe ta ce ta gaji, a nemi wani ya karɓi amanar. Dattawan suka dubi Banutan, ya girgiza kai. Suka yi shawara a tsakaninsu, suka ce amanar ba ta fita daga gidan da aka ƙulla ta, magajinta shi ne babban ɗan Wanawan, shekararsa bakwai. Ta riƙe masa har ya girma. Ta koma ta zauna, aka ci gaba da maganar ranar da za a buɗe ruwa.