Ƙafar Buhu Biyu

Shekara goma sha huɗu ƙafar robar nan tana ɗauke da Buhu Biyu. 'Yan dako ne suka laƙaba masa sunan a sito, don buhun siminti bibbiyu yake saɓawa a kafaɗa, har bayan da tirela ta murƙushe masa ƙafar hagu. Yanzu ƙarfi ya ja baya, kuma tun bara ƙafar ta daina ba shi haɗin kai. In ya taka, sai ya ji kamar guntun katako. Sau biyu yana faɗuwa a bakin ƙofa.

Auta, 'yarsa, ta ce a sake wata. Ya ce gyara za a yi. Da wannan ƙafar ya ciyar da su, da ita ya raka uwarsu makwancinta, ba zai bari a jefa ta kwandon shara ba.

Ɗakin gwajin yana bayan asibiti, sai warin gam da man inji. Mai gwajin mutum ne mai furfura, da tabarau a goshi. Ya kwance ƙafar, ya cire mata tsohon takalmin, ya ɗaure ta a jikin wani inji mai hannun ƙarfe. Ya ce injin zai danna dunduniya, ya danna gaba, ya auna taurinta da yawan ƙarfin da take mayar wa mai tafiya. Sannan ya sa tsohon ya dafa Auta ya hau sikeli.

Kilo hamsin da takwas.

Mai gwaji ya lalubo tsohon kati a durowa. Ranar da aka sa ƙafar, casa'in da huɗu aka rubuta, da wani ɗan rubutu a gefe: mai ɗaukar kaya, a ba shi mafi tauri.

"Baba, ina ka kai sauran?"

"Tambayi wannan," ya nuna Auta da haɓa. "Ta hana ni mai, ta hana ni gishiri."

Auta ta murguɗa baki, ta ce likita ne ya hana.

Aka saita injin a kan nauyinsa na da. Hannun ƙarfen ya sauko. Ƙafar ta lanƙwasa, ta miƙe da kanta, tsaf. Mai gwaji ya duba layin da kwamfuta ta zana, ya ce abin da ta rage bai taka kara ya karya ba. Da aka mayar da injin kan hamsin da takwas kuwa, da ƙyar ta motsa.

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Kai ne ba ka iya lanƙwasa ta yanzu. Abin da ba ka ba ta ba, ba za ta mayar maka ba."

Tsohon ya daɗe yana kallon wandonsa da ya yi masa yawa. A da har gudu yake a kan katakon hawa mota, ƙafar tana cilla shi gaba, yaran sito suna ihu.

"Ɗana, sa mata nauyina na da. Ka ƙara buhu biyu."

Mai gwaji ya kalli Auta, ta gyaɗa kai. Injin ya yi gurnani. Ƙafar ta durƙusa sosai, har Auta ta kau da ido, sannan ta tashi.

"Ka gani ko?" in ji tsohon, a hankali.

Shi da bakinsa ya ce a kawo sabuwar ƙafa mai laushi. Aka ɗaura masa. Ya bi tsakanin ƙarafan dafawa, ya je ya dawo, zagaye na uku bai dafa ba. Bai yabe ta ba, ya dai ce ba laifi.

Da za su fita, Auta ta miƙa hannu za ta karɓi tsohuwar ƙafar. Ya maƙale ta a hammata.

"Bar ta. Wannan kam ina iya ɗauka."